Yaya Ba Ya Ji

Tun ina goye a bayan Inna nake jin ana cewa Yaya ba ya ji. Da wannan maganar na buɗi ido. In aka aike shi ya zarce wani wurin, ba ya ji. In Baba ya ƙwala masa kira daga ƙofar gida, shi kuwa yana bayan ɗaki yana ƙera mota da gwangwani bai amsa ba, ba ya ji. Baba kafinta ne, mai saurin hannu a wurin aiki da wurin duka, kuma yana da karin magana guda da yake ja duk ranar da ya ɗauko tsumagiya: "Jiki ya fi kunne ji." Ya ja ta a kan Yaya har ta tsufa.

Babu wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko maganar gaskiya ce ta ɗaya fuskar. Sai da Yaya ya yi gemu wata ma'aikaciyar asibiti ta leƙa kunnensa na hagu da 'yar fitila, ta ce wannan ai ya daɗe da mutuwa, wataƙila tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bayan an yaye shi. Lokacin Baba ya riga mu gidan gaskiya. Inna ta zauna a bakin gado ta yi ta kuka, tana cewa, "Ashe da gaske yaron nan ba ya ji." Yaya ya durƙusa a gabanta yana dariya, ya ce, "Inna, ai kun daɗe kuna faɗa, ni ne na ƙi yarda."

Haka yake. Ban taɓa ganin mai mayar da ciwonsa abin dariya kamar Yaya ba, kuma wannan halin nasa ya fi komai ƙona mini rai, don ni ba haka aka yi ni ba. Ni in abu ya taɓa ni, sai unguwa ta sani. Shi kuwa sai ya karkata kai, ya miƙo maka kunnen dama, ya dube ka a kaikaice kamar zakara ya hango shaho, ya yi murmushi. Mutane da yawa sun ɗauka salo ne. Akwai ma 'yan matan da wannan karkata kan ta tafi da imaninsu, ciki har da wadda ya aura.

Kunne ɗaya Allah ya bar masa, shi kuma ya ɗauke shi kacokan ya ba waƙa. Tun yana goge katako a shagon Baba akwai 'yar rediyo da ya ɗaure da roba a jikin ginshiƙi, daidai kafaɗarsa ta dama. Kafinta dai bai iya ba, gaskiya ɗaya ce. Kujerar da Yaya ya haɗa, sai ka yi addu'a kafin ka zauna. Ranar da wani maƙwabcinmu ya ba shi aron babur ya zaga fili da shi, ranar aka gane inda abincinsa yake. Ya fara haya da na mutane, a hankali ya mallaki nasa, wani ja mai dogon sirdi, wanda yake wankewa kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa.

Shagona na ɗinki yana kallon mahaɗar da masu babur ke jiran fasinja, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kusa da mai sayar da mai a kwalba. Daga kan kekena ina ganinsu duka: masu barci a kan sirdi, masu gardamar ƙwallo, masu rububin duk wanda ya sauko daga mota. Saboda haka da idona na ga ranar da Yaya ya kwance rediyon da ke ɗaure a kan baburinsa, ya zo da wayar kunne, farar nan mai reshe biyu da ake jonawa a jikin wayar hannu. Ya cusa duka biyun. Na hagun, in ji shi, don kada kunnen ya ce an yi masa wariya ne.

Na bar ɗinki na tsallaka titi.

"Yaya, kunne ɗaya gare ka, shi ma ka toshe shi ka hau titi?"

"Titi ido yake so, 'yar Inna. Kin taɓa ganin an tuƙa babur da kunne?"

"Motar da ke bayanka fa? Da ƙeya za ka gan ta?"

"Madubi na mene ne? Gani ya kori ji."

"In kunne ya ji, jiki ya tsira."

"To ai yana ji. Waƙa yake ji, ga jikin nan kuma lafiya lau."

'Yan rumfa suka kwashe da dariya, na koma shago ina huci. Mun yi wannan gardamar ta fi a ƙirga, kuma ba zan ce ba shi da tasa hujjar ba. Wata rana da ya gaji da ni ya ce, "Ki yini a kan wannan sirdin, rana ta dafa ki, mai mota ya zage ki, fasinja ya raina ki, ƙarar inji ta cika miki kai har ki kwanta kina jinta, sannan ki zo mu yi magana. Waƙar nan ce ke hana ni barci da rana, ita ke hana ni faɗa." Su kansu masu babur ɗin kansu a rabe yake. Dattawan cikinsu suka ce hauka ne, sun ga hon ɗin mota da ya ceci rai ba sau ɗaya ba. Wasu suka ce a sa a kunne ɗaya, a rage murya, a bar ɗayan wa titi. Yaya ya ce shi ma ai haka yake yi, ya bar wa titi na hagu.

A cikin wannan aka haifa masa 'yarsa ta fari, wadda muke kira Kanari, don tun kafin ta iya magana take rera abin da ita kaɗai ta san ma'anarsa. Da tana ƙarama a gabansa yake ɗora ta, a kan tanki, hannuwanta a kan nasa. Da ta shiga makaranta ta ce ita ta girma, baya za ta zauna kamar fasinja. Ƙafafunta da ƙyar suke taɓo matakin, amma wa zai ja da Kanari? Sai ta damƙe rigarsa da hannu biyu, ta manna bakinta a tsakiyar bayansa, ta yi ta rera waƙoƙin da aka koya musu tun daga ƙofar makaranta har gida. Yaya ya ce yana jinta a ƙirjinsa, tana ratsa ƙashi kamar kyanwa na gurnani a cinya. Ya ce, "Baba ya yi gaskiya, Allah ya jiƙansa, jiki ya fi kunne ji. Shi dai da bulala ya gwada ne."

Ban san ranar da kunnen dama ya fara janyewa ba. Irin wannan abu ba ya sallama. Na dai lura Yaya ya fara ɗaga murya in yana magana, kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. In aka yi barkwanci a rumfa sai kowa ya gama dariya sannan tasa ta zo. Ya ƙure muryar waƙarsa har in ya shigo shagona ina jin tsiririnta tana fita daga kunnensa, na yi ta masifa, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Can kuma sai na daina jin tsiririn. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau dai bakina ya yi rana, Yaya ya rage murya.

Wata rana da hantsi ya shigo da aljihun rigarsa a yage. Ya tuɓe ya miƙo mini, ya zauna a benci da 'yar shara, wayar kunne a kunnuwansa, yana kaɗa kai yana buga ƙafa. Akwai wata mata a gefensa tana jiran in rage mata siket. Na juya rigar zan sa a keke sai na ji nauyi a ɗaya aljihun. Wayarsa ce. Na dubi wayar, na dube shi. Bakin farar igiyar yana lilo a kan cikinsa, ba a jone da komai ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya." Shiru. Na ɗaga murya na sake. Yana ta kaɗa kai. Na ɗauki babban almakashina na sake shi a kan siminti. Matar nan ta zabura har da salati, Yaya ko ƙiftawa bai yi ba. Sai na tashi na tsaya a gabansa, na ɗaga wayar daidai fuskarsa. Ya dube ta, ya dubi cikinsa, kan ya daina kaɗawa.

Na sallami matar na ce ta dawo da yamma. Na ja kujera na zauna muna fuskantar juna, don na riga na gane bakina yake kallo.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Ashe har asibiti ya je a ɓoye. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji: ƙarar inji, iska, ga kuma abin da yake ɗura mata tun safe har dare. Sun gwada masa 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, a ɗaki tana ɗan taimakawa, a kan babur kuwa ba ta kawo masa komai sai tsuwa da hucin iska, ya cire ya ajiye. Abin da ya rage masa, in ɗaki ya yi tsit aka yi ihu kusa da kunnen, yana jin wani abu kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Waƙa kam ta tafi gaba ɗaya.

"To wannan abin da kake cusawa fa, na mene ne?"

Ya naɗe igiyar a yatsa ya warware. Ya ce, "In fasinja ya yi mini magana daga baya ban amsa ba, ya ga waya a kunnena, sai ya ce ɗan banza ne, waƙa yake ji. Sai ya taɓa kafaɗata ya nuna mini da hannu. In babu wayar fa? Wa zai hau bayan kurma?" Ya karkata kai ya yi murmushin nan nasa. "Gara a ce ba na ji, da a ce ba na ji."

Shi ya yi dariya. Ni kuwa tausayi da haushi suka haɗu mini suka rasa wanda zai fara fita. Mutumin da ya sha duka yana yaro saboda an ɗauki kurumtarsa taurin kai, yau shi ne da kansa yake sayen sunan taurin kai don ya rufe kurumta.

Ya nuna mini dabarunsa kamar yaron da ke nuna sabon takalmi. Ba ya barin fasinja ya hau sai ya tambaye shi inda za shi suna fuska da fuska. Madubin hagu ya karkata shi yadda zai riƙa ganin bakin wanda ke bayansa. Na dama kuwa ya canza shi da wani faffaɗa na mota. Na ce masa duk wannan harbin iska ne, ya sauka daga babur tun muna mu biyu.

"In sauka in yi me? In koma haɗa kujerun da ke kayar da mutane?"

"Ko me. Rai ya fi babur."

"'Yar Inna, a ƙasa ni kurma ne. A kan babur ni mai babur ne. Shi kaɗai ya rage mini."

Da yamma na tafi gidansa da niyyar in tayar da matarsa tsaye, sai na tarar ta riga ni sani da daɗewa. Ita ce ke buga ƙafa a ƙasa in za ta shiga ɗaki don kada ya firgita, ita ke amsa sallamar baƙi ta ce yana wanka. Tana tsintar shinkafa a faranti ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggon Kanari, na yi magana har bakina ya gaji. Amma in na raba shi da babur, me zan ba shi a madadinsa? Ke ba ki ga fuskarsa ba in ya dawo gida ya cire abin nan. Zama yake ya zuba wa bango ido."

Ni ba na cikin masu haɗiye magana. Washegari na sami shugaban masu babur ɗin rumfar, wanda kowa ke kira Ciyaman, wani ƙato mai furfura a gemu da ba ya rabuwa da asuwaki. Na ja shi gefe na ce, "Ciyaman, wurinka na zo. Yayana ba ya ji."

Ya cire asuwakin ya ƙyalƙyale. "Tela, yau kika sani? Duk rumfar nan wa bai san ba ya ji ba? Na yi masa faɗa a kan wayar nan har na gaji."

"Kunnensa nake nufi."

"Shi fa. Kunnen ƙashi."

"Ciyaman, ka tsaya ka fahimce ni. Kurumcewa ya yi. Ko bindiga ka harba a bayansa ba zai waiwayo ba."

Sai ya daina dariya. Yaya na zaune a kan baburinsa can bakin rumfa, ya ba mu baya. Ciyaman ya ce bari mu gani. Ya matsa kaɗan, ya kira shi da muryar da ba ta kai ta ciniki ba. Nan take Yaya ya juyo ya ce, "Na'am, Ciyaman?" Ni na san a faffaɗan madubin nan ya gan mu tun muna ƙus-ƙus, amma wa zai saurare ni? Ciyaman ya mayar da asuwakinsa ya ce, "Kin gani? Har da waƙa a kunne ya ji ni. Ku dai mata, in kuna son mutum ya bar sana'a ba irin ciwon da ba ku ƙirƙiro masa."

Yaya ya daɗe bai taka shagona ba bayan wannan. In ya zo wucewa sai ya kau da kai. Ya yi mini ciwo, don tun tasowarmu ba mu taɓa kwana da gaba ba, amma ko yau aka mayar da ni zan sake zuwa wurin Ciyaman. Abu ɗaya dai na samu: ya bar babban titi, inda manyan motoci ke gudu, ya koma ɗaukar 'yan cikin unguwa, mata masu cefane da 'yan makaranta, a hankali kamar mai tallan ƙwai. Da ya huce ya dawo da kansa, ya ajiye mini lemo a kan keke ya ce, "To uwar masifa, na bar wa masu kunne titi. Kin huta?" Ban huta ba, amma na ɗan sami barci.

Ranar da abin ya faru rana ce kamar kowace. An tashi daga makaranta, titi ya cika da yara masu fararen safa. Ina kan keke na ɗaga kai na hango jan babur ɗin yana tahowa daga nesa, sannu a hankali yadda ya saba. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mutane. Mai sayar da mai ya miƙe yana ɗaga hannu biyu. Wata mata ta ajiye bokitinta tana nuna shi. Yaya kuwa yana ɗaga musu hannu ɗaya yana nuna bayansa, alamar da yake yi wa masu tsayar da shi in yana da fasinja. Da suka matso na ga Kanari. Fuskarta na manne a bayansa, hannuwanta sun damƙe rigarsa, bakinta a wangame. Ƙafarta ta zame daga mataki, takalmin ya shige tsakanin ƙarfe da wayoyin tayar baya, diddigenta na gurzuwa. Ƙarama ce, ba ta kai tsayin madubinsa ba. Shi kuwa yana murmushi yana kaɗa kai.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar titi da almakashi a hannu, na ware hannuwa a gabansa. Ya taka birki yana tambayata da ido lafiya. Na nuna masa ƙasa.

Ba zan faɗi yadda ƙafar take ba. Na finciko yadin wata amarya daga kan tebur na naɗe ta. Kafin ka ce kwabo jama'a sun kewaye mu, kowa da abin da yake faɗa. "Dubi abin da ke kunnensa!" "'Yarka na ihu kana jin waƙa!" "Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho!" Wani ya kai masa mari ta baya. Duk wannan zagin bai shiga kunnensa ba, yana durƙushe ya riƙe ƙafar da hannu biyu. Wani abokin aikinsa ya ɗauke ni da Kanari muka yi asibiti. Da na waiwaya na ga Yaya yana bin mu da gudu a ƙasa, baburin da yake wankewa kafin fuskarsa yana kwance a titi, tayar na juyawa.

Muna zaune a bencin barandar asibiti, an shiga da Kanari ɗinki, uwarta na ciki tare da ita, sai ga Ciyaman da mutanen rumfa. Ko gaisawa bai tsaya yi ba. Ya tsaya a kan Yaya ya ce daga yau duk wanda ya ƙara sa waya a kunne a rumfarsa ya nemi wata rumfar. Ya ce, "Kai yanzu waƙa ta fi maka 'yarka? Sau nawa na gaya maka?"

Yaya ya zuba wa bakinsa ido har ya gama. Sannan ya ce, "Ciyaman, ba na ji."

"Wannan ai tsohon labari ne. Ga sakamakon nan ka gani."

Yaya ya zare wayar daga kunnuwansa, ya sa hannu cikin riga ya jawo igiyar a hankali har bakinta ya fito, a maƙale da ɗan fil ɗin da yake soke ta da shi a cikin aljihu don kada ta sake lilo. Ya kamo hannun Ciyaman ya zuba masa ita a tafi. Ciyaman ya juya ta, ya dubi bakin da ba a jone da komai ba, ya ɗago ya dube ni. Na daɗe ina tanadin maganar da zan yaɓa masa a irin wannan rana, amma sai na kau da kai.

Suka zauna jim, suka yi mana sannu da muryoyi ƙasa-ƙasa, suka watse. Ya rage ni da shi. Can ya juyo ya ce, "Na ji ta fa." Da yake ba ya jin muryar kansa, da ƙarfi ya faɗa, har masu jinya da ke zaune a ɗaya bencin suka waiwayo.

Na riƙe hannunsa na ce ya yi shiru, ba laifinsa ba ne, duk irin maganganun da ake yi.

"A'a, 'yar Inna, na ji ta. Tun daga kwanar makaranta nake jinta a bayana. Da ƙarfi yau, har cikin haƙarƙarina. Na ce yarinyar nan an koya musu sabuwa." Ya dube ni. "Har ina kaɗa mata kai."

Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko a ƙarƙashin tsumagiyar Baba, ko ranar da aka fita da Inna. Ranar na gani. Bai rufe fuska ba, bai sunkuya ba, ya bar su suna zuba a kan rigar da na ɗinke wa aljihu.

Allah ya taƙaita, ƙafar ba ta tafi ba. Tafiyar hawainiyar da yake yi ce ta cece ta, in ji likita. Akwai tabo babba a diddigen, kuma in ta gaji takan ɗan ɗangyasa. Baburin kuwa Yaya bai ƙara ɗora ƙafa a kansa ba. Ba wanda ya hana shi, ba wanda ya roƙe shi. Ya miƙa wa ƙanen matarsa makulli, ya ce ya je ya yi haya da shi a wata unguwa, kada ya riƙa biyowa ta nan.

Yanzu faci yake yi a gefen shagona, da bahon ruwa da famfon iska da tulin tsofaffin tayoyi. Ya iya, ya fi kujera. Yana tura tayar cikin ruwa ya zuba ido ya ga inda kumfa ke fita. Ciyaman ne ya sa duk 'yan rumfa su riƙa kawo masa aiki. Ba wanda ke cewa ba ya ji yanzu. Kurma suke ce masa, sunan da ya yi ta gudu, kuma in ya ga bakinka ya faɗa yana amsawa. Dokar Ciyaman ba ta yi nisa ba. Samari sababbin shiga suna zuwa da abinsu a kunne, yanzu ma har da marar igiya. In suka kawo faci Yaya yakan nuna kunnensa ya ce, "Ɗana, ko ɗaya ne ka cire." Su ce to Baba, su cire, in sun sha kwana su mayar. Sai ya leƙo shagona ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu ba sa ji."

Kanari ba ta riƙe shi a rai ba, yaro bai san wannan ba. A ƙasa take dawowa daga makaranta tare da ƙawayenta, ta jefar da jaka a ƙarƙashin tebur ɗina, ta zaga ta same shi a tsugune gaban bahonsa. Sai ta kwanta a bayansa, ta damƙe rigarsa da hannu biyu, ta manna baki a inda ta saba, ta fara. Ina kallonsu ta taga. Duk ranar Allah, da ya ji ta a bayansa sai ya saki tayar da ke hannunsa cikin ruwa, ya juyo da sauri, ya kama fuskarta da jiƙaƙƙun hannuwansa ya duba. Ita kuma ta turo baki, ta buɗe shi sosai yadda zai gani, ta ce, "Baba, waƙa ce fa."